Haɗa hanyoyi wajen taimakon yaran da suka firgita: dabara ce ko kame-kame?

Anti Luba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wani abu, musamman mu da muke zama da yara, ko a makaranta, ko a asibiti, ko a unguwannin da 'yan gudun hijira suka sauka. A aji an koya mana hanyoyin nan daki-daki: ga ta wasa, ga ta gyaran tunani da ɗabi'a, ga ta zama da iyali gaba ɗaya. A bakin aiki kuwa hanya ɗaya ba ta isata. A kawo yaro daga wajen Sabon Birni ko Isa bayan an kai wa ƙauyensu hari, ba ya magana, yana zabura cikin dare, ya koma fitsarin kwance. Sai in fara da laka da kara, in koya masa jan numfashi a hankali, in zauna da mahaifiyarsa, in tambayi wace addu'a yake yi kafin barci. Wata abokiyar aiki ta ce min wannan kame-kame ne. Ni kuma a ganina shi ne aikin. Ku da kuka daɗe a ciki, me kuka gani?

Dakta Bello:
Wa alaikumus salam Anti. Bari in tsaya wa abokiyar aikinki kaɗan, don tana da tata gaskiyar. Akwai mai haɗa hanyoyi saboda ya fahimci yaron, ya san dalilin da ya sa yau laka, gobe kuma zama da uba. Akwai wanda yake haɗawa saboda bai ƙware a ko ɗaya ba, duk abin da ya jiyo a taron bita sai ya gwada a kan ɗan mutane. Abin da nake tambayar ɗalibaina shi ne: in na tsayar da kai a tsakiyar zama na ce me kake nema da wannan abin da kake yi yanzu, kana da amsa? In babu, ajiye shi.

Kuma a kan yaran da suka ga tashin hankali ba a duhu muke ba. Hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, CBT, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, tana da reshen da Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara a Amurka domin irin waɗannan yara. An gwada shi a Kongo da 'yan matan da yaƙi ya shafa, sakamakon ya fito a 2013, sannan a Lusaka ta Zambiya a 2015. A Zambiya ma ba likitoci ne suka gudanar da shi ba, mutanen gari aka horar. Yana da jeri: a fahimtar da yaro da iyayensa cewa abin da yake ji ba hauka ba ne, a koya masa kwantar da jiki, ya iya faɗin sunan abin da ke ransa, sai can daga baya ya ba da labarin abin da ya faru kaɗan-kaɗan, a ƙarshe ya karanta wa babban da ya yarda da shi. Tuwon ke nan. Laka da tatsuniya da zane miya ce, a canza ta yadda yaron yake so, amma kar a ba shi miya zalla.

Anti Luba:
Na yarda da jerin, Dakta. Matsalata ita ce tsarin yakan kai zama 12 ko fiye. Matar da ta baro gonarta da awakinta, tana raɓe a kangon wani a Mabera, da me za ta biya keke napep sau goma sha biyu? Sau da yawa zuwa biyu ko uku ne, sai ka ji sun koma gida ko sun wuce wajen dangi. In na buɗe wa yaro labarin daren da aka kashe ƙanen babansa a zama na uku, na huɗu bai zo ba, wa zai rufe abin da na buɗe?

Dakta Bello:
Kar ki buɗe. A nan ba mu da saɓani ko kaɗan. In kin san zaman ba zai ɗore ba, ki tsaya a matakan farko, su kaɗai ma suna da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan a zaunar da mutum sau ɗaya a sa shi amayar da duk abin da ya gani da sunan rage masa nauyi. Abin da ba na so shi ne mai damar yin zama ashirin ya ƙare su duka a wasa, saboda shi kansa yana tsoron jin labarin.

Sista Rabi:
Ku yi haƙuri in shigo da maganar jiki kafin a yi nisa, don mu a nan muke ganin abin da ake tsallakewa. Fitsarin kwance bayan yaro ya wuce shekara 5, musamman in da ya daina ya dawo, gaskiya ne firgici yana kawo shi. Amma ciwon mafitsara yana kawo shi, ciwon suga yana kawo shi, masu sikila suna yawan yin sa, kuma yaran da suka taso suna wanka a gulbi ko bakin dam irin na Goronyo a tambaya ko ana ganin jini a fitsarinsu, don tsargiya tana nan. Haka yaron da malami ke cewa ba ya sauraro, ana magana ya yi zuru na ɗan lokaci ya dawo kamar ba a yi ba, wani lokaci nau'in farfaɗiya ce da ba ta kayar da mutum. Wani kuma kunnensa ne ke ruwa, ba ya ji sosai. Wani yunwa ce kawai. Duk wanda zai haɗa hanyoyi, ya fara haɗawa da awon fitsari da duba kunne. Kuɗinsu bai kai na wata uku ana zama a banza ba.

Nasiru:
Salam manyanmu. Ni ɗalibi ne, yanzu nake koyon aiki a wata firamare a Runjin Sambo. Na ba yara takarda su zana gidansu da mutanen gidan, washegari wani uba ya zo ya ce kar a ƙara sa ɗansa zanen mai rai. 'Yar tsana ma ina jin tsoron kawowa. Yaya kuke yi?

Malam Sani:
Nasiru, uban nan kar ka ɗauke shi abokin gaba, kishin addininsa ne ya kawo shi, kuma gara wanda ya zo da wanda zai cire yaron shiru. Game da 'yar tsana, ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai a cikinsu, ya tambaye ta, ta ba shi amsa, ya yi dariya. Da wannan ne malamai da yawa suka sauƙaƙa a kayan wasan yara. Zane kuwa akwai saɓani, to me ya sa za ka tsaya a inda ake jayayya alhali ga fili? Ka ba shi duwatsu ko marfin kwalba ko guntayen kara, ka ce wannan Baba, wannan Inna, jera min su yadda kuke kwana.

Akwai hadisin da nake so duk mai wannan aiki ya riƙe. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Annabi bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Ya kira shi da alkunya irin ta manya, ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa. Mu kuwa yaro ya rasa uba sukutum, sai mu ce yaro ne, bai san komai ba, zai manta.

Anti Luba:
Allah ya saka da alheri Malam. Nasiru, marfin kwalba ya fi min 'yar tsanar kanti aiki nesa ba kusa ba. Tire da yashi ma haka. Margaret Lowenfeld ta fara amfani da tiren yashi da ƙananan kayan wasa a Landan tun wajen 1929, mu kuwa yashi a ƙofar gida yake. Yaran karkara su da kansu suke ƙera shanun laka da motar kara, ba sai an koya musu ba. Wani yaro da na zauna da shi ya jera shanunsa, ya ɗauko kara biyu ya ce babura ne, ya kwashe shanun ya kai bayan tire. Ya yi ta maimaita wannan a zama bayan zama. Ban fassara masa komai ba, ina dai faɗin abin da idona ya gani: "Sun tafi da su duka." Wannan shi ne abin da Virginia Axline, ɗalibar masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers, ta koyar tun 1947, ka bi yaro a baya, kar ka ja shi. Ranar da ya gina wa shanun shinge ya sa kare a ƙofa, ranar na ga ya shirya mu fara maganar me yake yi in tsoro ya zo masa da dare. Daga nan muka shiga tsarin da Dakta ya faɗa. To ni wannan nake nufi da haɗawa: wasan ne ya gaya min lokacin ya yi.

Dakta Bello:
Wannan kam ba kame-kame ba ne, kin san abin da kike jira kuma kin gane shi da ya zo. Gargaɗi ɗaya: in wasan ya zama maimaici zalla, kullum a kwashe shanu, yaron yana ƙara tsurewa, babu abin da ke sauyawa, kar a zura ido. A nan sai babba ya sa hannu.

Malam Sani, Allah ya gafarta Malam, tunda kana nan bari in faɗi abin da ke ci min rai. Yaran da yawa ba sa iso mu sai an gama zagaye da su. An ce iska ce, an yi hayaƙi, an yi ta ihu a kunnen yarinya 'yar shekara tara a ce aljani ya fita, wani wurin har da bulala. Yarinyar da abin da ke damunta shi ne ta ga an harbi mutum a gabanta. In haɗa hanyoyi yana nufin in sa albarka a kan wannan, ba da ni ba.

Malam Sani:
Dakta, ba da ni ba ni ma. Duka da shaƙa wa yaro hayaƙi ba ruƙiyya ba ce, zalunci ne, ko wa ya yi. Abin da ya tabbata shi ne karanta Falaƙi da Nasi da Ƙulhuwallahu a tafin hannu a shafe jiki lokacin kwanciya, da Ayatul Kursiyyu. Ka duba wannan da idon aikinka: uwa ta zauna kusa da ɗanta kowane dare, a lokaci ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, ta shafa kansa. Me za ka rubuta mata da ya fi wannan? Amma ku ma ku gyara. In uba ya ce yana zargin shafar aljanu kuka yi murmushi, ya gama da ku, ba zai dawo ba, kuma wurin mai bulalar zai koma.

Dakta Bello:
Na karɓi wannan. Ni ba na jayayya da uba a kan aljani, ba fagena ba ne. Ina ce masa a ci gaba da addu'a, a daina duk abin da ke sa yaron kuka ko ciwo, a ba ni makonni kaɗan mu ga barcinsa. Inda ba na sassautawa shi ne maganin farfaɗiya. In an ɗora yaro a kai, ba a dakatar da shi don ana rubutu. A sha rubutun, a sha maganin.

Hajiya Inno:
Sannunku da ƙoƙari ɗiyana, Allah shi yi muku albarka. Ni ban yi karatun wanga fanni ba, aikin koyarwa na yi har anka sallame mu, amma ina da abin cewa bisa maganar "a kira uwa".

Ku lura da ɗan fari. Wurinmu, balle gidajen Fulani, uwa ba ta kiran sunanshi, ba ta wasa da shi gaban mutane, wata ko kallonshi ba ta yi in da baƙo. In kunka zaunar da ita kunka ce ta rungume shi gabanku, za ta sunkuyar da kai, ku kuma ku rubuta cewa babu shaƙuwa tsakaninsu. Alhali kunya ta, kuma wata kila duk gidan babu mai sonshi kamarta. Ku tambayi yaron: in ka ji ciwo wurin wa kaka zuwa? Wa ka ba ka abinci in ka yi fushi? Sau da yawa kaka ta, ko goggo, ko matar ƙanen uba da taɗ ɗauke shi tun yaye. Ita za ku kira. Yaron da anka ba riƙo kuma, ranar da anka raba shi da mai riƙonshi ya yi rashi babba, ko da uwa da uba suna raye, amma ba mai yi mishi ta'aziyya.

Haka kallon ido. Yaron da anka yi wa tarbiyya ba shi ɗaga ido shi kalli babba. Kar ku sa shi gabanku kamar alƙali. Ku zauna gefe guda bisa tabarma, hannunku da nashi suna wani aiki, ko ɓarar gyaɗa ta, za ku ji abin da ba ku zata ba.

Tatsuniya kuma da kuke ta yabo, mu da ita munka tashi. Amma ku bar yaro shi ƙarasa ta da bakinshi. Ku kai Gizo cikin rami ku yi shiru, ku ce to yaya zai fita? Abin da yaro yac ce nan, kanshi yaka faɗi.

Anti Luba:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganar ɗan fari ta shige ni. John Bowlby da ya yi bayanin shaƙuwar yaro da mai renonsa, abin da ya dame shi shi ne yaro ya samu wanda zai fake gare shi, amma takardun da muke cikewa gurbin uwa da uba kaɗai suka bari. Daga yau zan ƙara layin "wa yake gudu wurinsa".

Nasiru:
To in yaro ya gaya min abu ya ce kar in faɗa wa kowa fa? Iyaye kuma suna tsaye a ƙofa suna jiran su ji me ya ce.

Dakta Bello:
Tun zaman farko ake yanke wannan, a gaban iyayen. Ka ce wa yaron: abin da ka gaya min tsakaninmu ne, sai fa in wani yana cutar da kai ko kai za ka cutar da kanka, nan dole in nemo mai taimako, kuma zan gaya maka kafin in yi. Iyaye kuma ka ba su abin da za su yi a gida, ba kalmomin yaron ba. Kar ka taɓa yin alkawarin rufe sirrin da ba za ka iya riƙewa ba. In maganar cin zarafi ce, ta fi ƙarfinka kai kaɗai, ka kai wa mai duba aikinka a ranar. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa tana nan tun 2003, jihar Sakkwato ma ta sa hannu a tata a 2021, saboda haka ba rufa-rufar cikin gida ba ce kuma. Ka kuma kiyaye, wani lokaci wanda ke tsaye a ƙofar shi ne matsalar.

Hajiya Inno:
Ina da tambaya gare ku masu digiri. Ku nawa na duk jihar? Yaran da ke wanga hali kuwa ba su ƙirguwa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ba ta jira mata sun zo Sakkwato ɗaya-ɗaya ba. Ta horar da mata jagorori masu suna jaji, ta naɗa musu malfa, sunka shiga ƙauyuka suna koyar da 'yan taru. Me zai hana ku koya wa malaman Islamiyya mata da ungozomomi abin da za su iya?

Dakta Bello:
Ranki ya daɗe, inda duniya ta nufa ke nan. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibitocin unguwa, kuma bincike ya nuna amfaninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin mhGAP tun 2008 domin ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, tana kuma da wani tsari mai suna EASE na yara 'yan shekara 10 zuwa 15, zama bakwai a rukuni da yaran, uku da masu kula da su. Sharaɗina ɗaya: wanda aka horar na kwanaki kar a ce masa ya haɗa hanyoyi da kansa. A ba shi tsari ɗaya ya bi, a samu mai duba shi a kai a kai, ya kuma san alamun da zai miƙa yaro gaba. Haɗawa aikin wanda ya riga ya iya guda ɗaya da kyau ne.

Anti Luba:
A nan kam ban bi ka duka ba, Dakta. Malamar Islamiyyar da ta shekara ashirin da yaran unguwa ta riga ta iya guda ɗaya da kyau, ba dai a littafinmu take ba. In ka ba ta tsari, za ta sa waƙa da tatsuniya da addu'a a ciki ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Gara a zauna da ita tun farko a tsara inda za su shiga.

Dakta Bello:
A tsara tare, a rubuta, kowa ya bi abin da aka rubuta. In haka ne na sa hannu.

Maman Walida:
Salamu alaikum. Ni ba ma'aikaciya ba ce, ƙanwata ce ta sa ni a nan, ina ta karantawa. 'Yar yayana ce a hannuna, shekararta takwas, daga gabas aka kawo min ita bayan rasuwar babanta. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta, amma ko ƙarar babur ta ji sai ta shige ƙarƙashin gado, kuma wani lokaci ina mata magana sai ta ƙame ta yi zuru. An ce in kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, maigidana ya ce ba za a ce 'yar gidansa ta je can ba, wa zai aure ta gobe. Me zan yi?

Malam Sani:
Allah ya jiƙan mahaifinta, ya ba ki ladan riƙon marainiya. Maigidan kar ki yi jayayya da shi, tsoron bakin mutane ne. Ki samu wanda yake jin maganarsa, limaminku ko yayansa, ya tuna masa cewa neman magani umarni ne, kuma amanar yarinyar a wuyansa take.

Sista Rabi:
Maman Walida, sannu da ɗawainiya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, ana zuwa a ga likita a koma gida a ranar. Amma ba dole ki fara da can ba. Ki kai ta sashen yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko babban asibitin da ya fi kusa da ku, wannan maigida ba zai ƙi ba, in da buƙatar turawa gaba su za su faɗa masa da bakinsu.

Wannan ƙamewar ita nake so likita ya gani. Firgici yana sa ta, farfaɗiya ma tana sa ta, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In ta sake yi, ki kira sunanta ki taɓa kafaɗarta ki ga ko za ta waiwayo, ki lura ko idonta na ƙiftawa ko bakinta na motsi, da tsawon lokacin da take ɗauka, da ko tana tuna abin da aka ce mata. In da hali ki ɗauka a waya ki nuna wa likita. Kafin nan, in ta shige ƙarƙashin gado kar a jawo ta, kar yara su yi mata dariya. Ki zauna a ƙasa kusa da ita ki ce babur ɗin maƙwabci ne, kina nan, ta fito in ta shirya. Ki tafi da katin rigakafinta in an zo da shi, da duk wani magani ko jiƙo da aka taɓa ba ta, kuma ki je da sassafe don a samu yin awo a ranar.